Yadda Nake Ɗaukar Hoto da Sautin Masu Sana'a a Ƙauyukan Kan Dutse

Karon farko da na hau dutse da kyamara, na sauko da hotuna sama da ɗari uku, kuma kusan dukkansu na dutsen ne: ƙololuwa cikin hazo, kwari cike da gajimare, rana tana shigewa bayan tsauni. Tsohon masaƙin da na kwana biyu a ƙauyensu, hotonsa huɗu kacal na ɗauka, biyu ma sun yi duhu. Bayan shekara biyu na koma. Dutsen yana nan yadda na bar shi. Tsohon ya rasu, an kwance masaƙarsa, itatuwanta suna jingine a bayan ɗaki. Tun daga ranar na juya tsarin aikina: mutum da aikin hannunsa su ne na fari, dutse ya biyo baya in lokaci ya rage. Amma dutsen ne ke mulkin haske da iska da sauti a wurin, don haka wanda bai karance shi ba, hoton mutumin ma ba zai yi kyau a hannunsa ba.

Abin da zan faɗa ya shafi mai babbar kyamara da mai wayar hannu duka.

Ka fara da rana

Yinin farko kada ka ciro kyamara daga jaka. Zaga ƙauyen, ka gaisa da mutane, ka lura da ƙarfe nawa rana take leƙowa da ƙarfe nawa take ɓacewa. A fili rana takan fito a hankali ta faɗi a hankali, mai hoto ya samu jan haske mai taushi safe da yamma. Cikin kwari babu wannan rangwamen. Dutsen gabas yakan tare ta har sai ta yi sama, ta faɗo wa ƙauyen da ƙarfinta gaba ɗaya, na yamma kuma ya haɗiye ta tun da sauran yini. Na taɓa zama a wani kwari da hasken rana kai tsaye bai wuce awa biyar ba a lokacin sanyi.

Ga yadda nake auna lokacin da ya rage mini. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa guda. In ka miƙe hannu iyakar tsawonsa ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, wato tafiyar minti 40. Sai ka jera dunƙule daga inda rana take zuwa doron dutsen da za ta faɗa bayansa, kana bin hanyar da take bi. Dunƙule biyu, kana da awa ɗaya da minti 20. Ka kare ranar da hannun, kada ka zuba mata ido.

Mutane da yawa suna naɗe kayansu da zarar rana ta shige bayan dutse. A nan ne ni nake fara aikin fuska. Ƙauyen ya shiga inuwa, amma dutsen da ke fuskantarsa yana cikin rana, yana maido da haske mai ɗumi kamar an kafa ƙaton madubi. Babu mai runtse ido, babu baƙar inuwa a ƙarƙashin hanci, tamojin fuskar tsoho da zanen da ke jikin tukunya duk suna fitowa daki-daki. Matsala ɗaya ce: inuwar kan dutse shuɗiya ce, saboda sararin sama ne ke haska ta. Ka shiga saitin launin haske ka zaɓi alamar inuwa ko ta gajimare, launin fata zai dawo daidai. In kyamararka tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yi amfani da shi, gyaran launi daga baya ba zai ɓata komai ba.

Hoton nesa kuwa na safe ne. Da rana ta ɗumama gangare, iska mai ɗumi takan hau sama da danshinta, kafin yamma gajimare ya taru a kan ƙololuwa. Shi ya sa hadarin kan dutse ya fi saukowa bayan tsakar rana. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ni ba na jiran lissafin ya yi kusa. Da na ji tsawa nake naɗe mai ƙafa uku, wato sandunan da ake kafa kyamara a kai, in sauka daga doro, don tsayuwa a wuri mafi tsayi riƙe da sandunan ƙarfe ganganci ne.

Sanyi da kayan aiki

A ƙiyasi, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. Batir ba ya son sanyi. Wanda ya nuna maka a cike da dare zai iya nuna ja da asuba, ba tare da ka taɓa shi ba. Wutar tana nan, sanyi ne ya hana ta fita. Ka sa batira a aljihun ciki, jikinka ya ɗumama su, da dare kuma su kwana cikin bargo tare da kai. Wayar hannu a sa ta a yanayin jirgin sama, domin inda sabis ba shi da ƙarfi neman sa kaɗai yana shanye caji. Ka ɗauka babu wutar lantarki a inda za ka, in ka same ta to ƙari ce.

Abin da ya fi sanyi ɓarna shi ne raɓa. In ka fito daga sanyin waje ka shiga ɗaki mai ɗumi da ake hura wuta, danshi zai kwanta a kan gilashin kyamara, har cikinta. Gogewa ba ta maganin na ciki. Kafin ka shiga, sa kyamarar cikin leda ka ɗaure bakin tun a waje, ka bar ta kamar rabin awa a cikin ɗakin. Raɓar za ta kwanta a jikin ledar, kyamara ta ɗumama a bushe. Rabin awan nan ba asara ba ce, lokacin gaisuwa ne da kallon yadda mai aikin yake motsi.

Jikinka ma kayan aiki ne. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama wasu sukan fara ciwon kai da haki da rashin barci saboda ƙarancin iskar shaƙa, maganinsa hawa a hankali, in ya tsananta a sauka. Hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000, ko da kana jin sanyi. Kuma ka rage kaya. A 1861 da Auguste-Rosalie Bisson, mai hoto ɗan Faransa, ya hau tsaunin Mont Blanc na Turai don ɗaukar hoto, sai da mutum 25 suka ɗaukar masa kaya, saboda a lokacin a wurin ake shafa wa farantin gilashi magani, a wurin ake wanke shi. Vittorio Sella na Italiya, wanda ya ɗauki tsaunukan Ruwenzori na Afirka a 1906 da tsaunin K2 na Asiya a 1909, ya yi shekaru yana hawa da manyan farantan gilashi. Su dole ce ta sa su. Ni kyamara ɗaya nake ɗauka, da gilashi biyu, da ƙaramar rikoda, da mai ƙafa uku mara nauyi. Wanda ya iso ƙauye yana haki da jaka uku ba ya da sauran natsuwar kallon mutane.

Zama da mai sana'a

Wata tsohuwa mai ginin tukwane ce ta koya mini abin da ya fi yi mini amfani. Na tsaya a bakin rumfarta na ce, "Inna, ko zan iya zama in ga yadda kike aikin nan?" Ba ta ɗago ba, ta ce, "Zauna mana, ɗana, amma kada ka tare mini haske." Da na matsa gefe na zauna, sai na ga abin da take nufi. Ta ajiye yumɓunta daidai inda hasken ƙofa yake zuwa daga gefe, yana nuna mata duk inda bangon tukunyar ya yi kauri ko ya lotsa. Shekara da shekaru tana neman wannan gurbin. Masaƙi, da mai sassaƙa, da mai kaɗi, kowannensu ya riga ka gano wurin da haske ya fi kyau a gidansa, saboda da ido yake cin abinci. Kada ka ce da shi ya fito waje. Ka nemi wurin zama inda hasken yake zuwa daga gefenka, ƙofa ba ta bayan mai aikin, ba ta bayanka.

Neman izini ba ya ƙarewa da "zan ɗauke ki hoto?" Faɗi abin da za ka yi da hoton: za ka sa a intanet ne, za ka buga a littafi, ko za ka sayar. Mutum zai iya yarda a ɗauki hannunsa ya ƙi fuskarsa. Zai iya yarda da hoto ya ƙi bidiyo. Akwai sana'o'in da suke da wani mataki da masu su ba sa so baƙo ya gani, ko haɗin rini, ko wata dabara ta gado. In an ce ka ajiye kyamara, ajiye ta ka ci gaba da zama. Yara kuma sai da yardar iyayensu. In ba ka jin harshen wurin, nemi tafinta ɗan ƙauyen, ka roƙe shi ya riƙa faɗa maka har da amsar da ba za ta yi maka daɗi ba. In hoton zai kawo maka kuɗi, a yi maganar rabon mai aikin tun kafin ka danna.

Akwai wata jarabawa da kowane mai hoto yake haɗuwa da ita a ƙauyen dutse: son ya mai da mutane mutanen da. Ka ga masaƙi sanye da rigar ƙwallo, rediyo a gefensa, zaren da yake saƙa da shi na kamfani ne, sai zuciyarka ta ce a kawar da waɗannan. Doris Ulmann, mai hoto wadda ta riƙa tasowa daga birnin New York tana ɗaukar masu saƙa da sassaƙa a tsaunukan Appalachia na Amurka har rasuwarta a 1934, ta bar hotuna masu ban sha'awa ƙwarai, amma an san takan sa wasu su saka tufafin kakanninsu kafin ta ɗauka. Mai kallo yau sai ya tsaya yana tantance wanne ne rayuwar mutanen, wanne ne burin mai hoton. Na fi karkata ga Martín Chambi na Peru, wanda aka haifa a 1891 a ƙauyen tsaunukan Andes, ya yi aikinsa a Cusco mai tsayin kusan mita 3,400. Yana jin harshen Kecuwa na mutanen da yake ɗauka, kuma in ka dubi hotunansa za ka ga suna kallonsa kamar wanda suka sani. Ka bar rediyon a inda yake. Nan da shekara 40 shi ne zai gaya wa mai kallo zamanin da aka yi hoton.

Hannu da kayan aiki

Kafin ka fara dannawa, kalli aikin ya zagayo sau biyar ko shida. Kowace sana'a tana da kiɗanta. Masaƙi zai taka, ya jefa ƙoshiya, ya buga, ya sake takawa. A cikin zagayen akwai wurin da hannu yake ɗan tsayawa kafin ya juyo, nan ne hoto yake fita tsaf ko da haske kaɗan ne. In ka gane shi, hoto goma sun ishe ka inda wani zai ɗauki ɗari.

Ga lambobin da nake farawa da su. Hannun da ke aiki a hankali, kamar na mai gini ko mai ɗinki, saurin ƙiftawar kyamara 1/250 na daƙiƙa yana tsayar da shi. Masabar maƙeri ko gizagon masassaƙi suna bukatar 1/500 zuwa 1/1000. In kuwa kana so motsin ya fito, mazari yana juyawa ko ƙoshiya tana wucewa kamar iska, sauko zuwa 1/30 ko 1/15, ka kafa kyamara a kan mai ƙafa uku ko ka jingina gwiwar hannu a kan gwiwarka. Fuskar za ta tsaya, hannun ya yi inuwa-inuwa. A cikin ɗaki buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa f/2 ko f/2.8, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200 ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Mai waya ya danna yatsa a kan hannun mai aikin har saitin ya kulle, sannan ya ja hasken ƙasa kaɗan, don waya tana son haskaka ɗaki mai duhu har ya koma kamar asibiti.

Maƙera tana da nata hukunci. Duhun da ke cikinta da gangan ne. Maƙeri da launi yake gane zafin ƙarfe: ja mai duhu, ja mai haske, ruwan lemo, rawaya, kowanne da aikin da ake yi a kansa, kuma a cikin haske mai yawa launukan nan ba sa rarrabuwa. In ka haska masa filas, ka ɗauke masa ganin na 'yan daƙiƙu a daidai lokacin da ƙarfen yake hucewa a kan uwar maƙera. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya. Maƙerin bai yi faɗa ba, ya mai da ƙarfen cikin gawayi ya ce da yaronsa ya sake zuga, sannan ya ce da ni, "Malam, ka kashe wutar nan taka, tawa ta isa." Gaskiya ya faɗa. Auna haskenka a kan fuskarsa lokacin da ake taka zugazugi wuta ta tashi, ka bar sauran ɗakin ya yi duhu. Tartsatsi yana ja layi a 1/30. Ka zauna nesa da inda yake fallatsa, ka jawo hoton da gilashi, domin ɓurɓushin ƙarfe mai zafi yana barin tabo a gilashin kyamara.

Kada ka tashi sai ka ɗauki abubuwa uku da mutane suke mantawa: kayan aikin a jere ba tare da hannu ba, ɗanyen kayan da aka fara da shi, da abin da aka gama yana hannun mai amfani da shi. Tulu a kan hanyar rafi ya fi tulu a jere a ƙasa ba da labari. In za ka ɗauki zane ko tabarma don a ga saƙarta, shimfiɗa ta inda haske yake zuwa a kwance daga gefe, zaren zai tashi. Hasken da ya faɗo daga sama yana shafe shi.

Sai shi dutsen. Hanyar da nake shigo da shi yanzu ita ce ta bayan mutum: ta ƙofa, ta saman kafaɗa, ta tsakanin itatuwan masaƙa. In ka ja baya ka yi amfani da gilashi mai jawo nesa, dutsen zai taso ya cika bayan mutumin. In ka matso da gilashi mai faɗin gani, zai koma ɗan tudu can nesa. Hazo da dusar ƙanƙara suna yaudarar kyamara, don tana ɗauka komai matsakaicin toka-toka ne, sai ta rage haske farin ya fito da datti. Ƙara mata haske mataki ɗaya, +1. Matacin ƙyalli, gilashin da ake ɗaurawa a gaban na kyamara ana murɗa shi don rage ƙyalli, yana zurfafa shuɗin sama, amma a wuri mai tsayi sama ta riga ta yi duhu, in ka murɗa shi har ƙarshe za ta koma kusan baƙa.

Sauti

Nan ne na fi daɗewa ina koyo, kuma nan ne dutse ya fi nuna hali.

Babban abokin gaba iska ce, sai dai tana da jadawali. Da rana takan hau gangare daga kwari, da dare iska mai sanyi ta gangaro daga sama. Tsakanin biyun, da sassafe da kuma daf da faɗuwar rana, akwai ɗan lokacin da take lafawa kafin ta juya. In mai sarewa ko mawaƙi zai ba ka lokaci, roƙi ɗaya daga cikin waɗannan. Duk da haka makirufo ba ya fita waje tsirara. Soson da yake zuwa da shi ba ya tare iskar dutse, sai rigar nan mai gashi-gashi. In babu, safa mai kauri ta fi babu, ka kuma juya wa iskar baya jikinka ya zama katanga. Sa abin saurare a kunne koyaushe. Kunnen mutum yana mantawa da ƙarar ƙorama bayan minti goma, makirufo ba ya mantawa. Na taɓa ɗaukar waƙoƙi bakwai a bakin rafi ina jin daɗin wurin, da na saurara a gida ruwa ne a gaba, murya a baya. Da na zagaya bayan wani ƙaton dutse mai taku ashirin daga wurin, da ruwan ya ragu sosai.

Kusanci shi ne maganin yawancin hayaniya. Duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakanin makirufo da mai waƙa da rabi, muryarsa tana ƙaruwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarar rafi kuwa tana nan yadda take. Murya da kayan tsirkiya, kamu biyu zuwa uku daga gare su. Sarewa kada a saita makirufo a bakin mai busa, iskar bakinsa za ta buge shi, a sa shi ta gefe wajen yatsu. Ganga a ja baya taku biyu ko uku. Saita rikoda a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, 48 kHz, bit 24, ka ce a buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka daidaita ma'auni ya tsaya wajen -12. Makaɗi yakan ƙara ƙarfi in jikinsa ya ɗau zafi, ratar da ke tsakanin -12 da 0 ita za ta cece ka. Sautin da ya kai 0 ya fashe, babu gyara. Kashe saitin da yake daidaita ƙarfi da kansa, don da mawaƙi ya yi shiru zai ɗago ƙarar iska.

Sai amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Tsaya inda za a yi kiɗan ka tafa hannu sau ɗaya. In amsar ta dawo bayan daƙiƙa ɗaya, bangon dutsen yana wajen mita 170 daga gare ka. In bangon bai kai mita 17 ba, kunne ba ya raba amsar da asalin sautin, sai dai ya ji muryar ta yi kauri. Kiɗa mai sauri yana rikicewa a gaban bango mai nisa, kowane bugu yana karo da amsar na bayansa. Busa mai ja kuwa amsar ƙawa ce gare ta.

Wannan ya kai ni ga abin da na daɗe ban gane ba. Yawancin sautin mutanen dutse don nesa aka yi shi. Makiyayan tsaunukan Alps na Turai suna da dogon ƙahonsu na itace da kiran nan mai karya murya. Mutanen tsibirin La Gomera na Sifaniya suna magana da fito daga wannan gefen kwazazzabo zuwa wancan, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2009, haka ma fiton ƙauyen Kuşköy na Turkiyya a 2017. Dalilin ɗaya ne: wanda kake hangowa a ɗaya gangaren, zuwa wurinsa tafiyar awa guda ce. In ka manna makirufo a bakin mai irin wannan kiran, ka samu sautin amma ka yar da dalilinsa. Yanzu sau biyu nake ɗauka. Na farko kusa, don a ji yatsu da numfashi. Na biyu sai in tsallaka kwarin in zauna inda makiyayi ɗan'uwansa zai kasance, in ɗaga masa hannu ya busa. Na biyun ba shi da tsabta, akwai kukan tsuntsu da ƙararrawar dabbobi a ciki, amma shi ne abin da mutanen wurin suke ji.

Kunna rikoda tun ana ɗaura tsirkiya ana gyaran murya, kada ka kashe sai an gama dariyar da ke biyo bayan waƙa. Sau da yawa a nan ake faɗin wanda ya koya wa mawaƙin da lokacin da ake yin ta. A ƙarshe roƙi kowa ya yi shiru na minti ɗaya ka ɗauki sautin wurin kawai, zai yi maka amfani wajen haɗa bidiyo. In kana ɗaukar bidiyo da kyamara, sauti da rikoda daban, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarar a farko, da shi za ka daidaita su.

Suna

A farkon kowane ɗauka nakan faɗa da bakina: ranar, wurin, sunan mai waƙar, sunan waƙar yadda shi ya kira ta, da sunan kayan kiɗan a harshensu. Takarda tana ɓata, abin da ke cikin fayil yana tafiya tare da shi. Cecil Sharp da Maud Karpeles, 'yan Ingila masu tattara waƙoƙin gargajiya, sun zaga tsaunukan Appalachia tsakanin 1916 da 1918, ba su da na'urar ɗaukar sauti, da alƙalami suka rubuta waƙoƙi sama da 1,600. Amma sun rubuta sunan mai rerawa da wuri da rana, shi ya sa har yau aka san Jane Gentry ta garin Hot Springs ita kaɗai ta rera musu 70. Hoton da aka rubuta wa "wata tsohuwa a kan dutse" ya ƙwace wa matar aikinta. In ta yarda a faɗi sunanta, faɗe shi. In ba ta yarda ba, rubuta shi a littafinka kai kaɗai.

Kowane dare kwafe abin da ka ɗauka zuwa wuri na biyu, ka raba su jaka daban-daban, don hanyar sauka da santsi ta fi ta hawa cin kaya.

In ka sauka, wanke hotuna a takarda. Hoton da ke cikin wayarka bai isa ga mai shi ba. Nakan wanke biyu na kowane mutum, in rubuta suna da shekara a baya da fensir, saboda tawadar biro tana hudowa gaba in an daɗe. Sautin kuma in zuba shi a ƙaramin katin ajiya a tsarin MP3, wanda ƙaramar waya da rediyo mai cin kati suke iya kunnawa. In ba zan koma da wuri ba, sai in ba direban da ke hawa hanyar ko malamin makarantar ƙauyen, in kuma bi sawu har in ji ya isa.

Da na kai wa wani mai sarewa nasa, ya sa abin saurare ya ji ɗaukan nesa har ƙarshe, ya ce a maimaita. Sannan ya ce, "Ɗana, sunan da ka faɗa a farkon nan ba nata ba ne. Waccan ta fita da dabbobi ce, wannan ta dawowa ce." Na ciro rikoda na ce, "Baba, faɗi da bakinka." Ya faɗi sunan sau biyu, ya ƙara da sunan kawunsa da ya koya masa ita, na ajiye gyaran a gaban fayil ɗin.